Abin da Muka Gano Bayan Zana a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta ba. A wajen biki a tambaye ni, a layin asibiti a tambaye ni, har mai kawo mana itace sai da ya tsayar da jakinsa don ya ji ko gaskiya ne na tsallaka iyaka da Hajiya Kulu da Anti Tabita a mota ɗaya, kuma kowacce ta dawo da kunnuwanta biyu. To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Malama Rakiya, mai makarantar rainon yara a Kambarawa. Ba wata babba ba ce, ɗakuna uku ne da rumfa da lilo, sai yaran da ba su wuce shekara biyar ba. Abin ya faru ne a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin da cutar kafa kwamiti ta kama garin Katsina. Masu facin taya sun yi ƙungiya, masu ƙosai sun zaɓi shugaba. Iyayen yarana ma suka ce ba za a yi babu su ba, suka kafa nasu, suka ɗora Hajiya Kulu a kai. Jika gare ta a makarantar, ba ɗa ba, amma wa zai tsaya takara da ita? Mace ce da in ta gyara zaman gyalenta, manyan GRA ma sai sun gyara zama.

Jikar tata sunanta Hauwa'u, sunan Hajiyar aka mayar, shi ya sa muke kiranta Ummi. Uwarta Zulai, matar ɗan Hajiya, yarinya ce mai sanyin hali, kuma Ummi ce 'yar farinta. Kun san mu da kunyar ɗan fari. Zulai ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta ko kallonta in surukarta na wurin. In ta kama dole sai ta ce, “Ke, zo nan.”

Ita kuwa Anti Tabita daga kudancin Kaduna take, mijinta ma'aikacin gwamnati ne aka yi wa canji zuwa Katsina. Ban taɓa samun malama mai hannun yara kamarta ba. Yaron da ya shigo yana birgima, in ta tsuguna ta yi masa magana, kafin ka juya yana miƙa mata ragowar biskit ɗinsa. Aibinta ɗaya ne: abin da ke cikinta shi ke bakinta.

Wata rana lokacin tashi, bakin ƙofa cike da iyaye, Hajiya ta zo ɗaukar jikarta, Zulai na biye da ita riƙe da jaka. Ummi ta kwaso a guje ta yi tuntuɓe, gwiwarta ta goge har da jini. Ta tashi tana kuka, ta nufi uwarta da hannuwa a buɗe. Zulai ta ja da baya, ta kawar da kai, ta ce, “Ke, je wajen Hajiya.” Nan Tabita ta manta a wane gari take. Ta ɗauki yarinyar ta manna ta a ƙirjin Zulai, ta ce da ƙarfi, “Wace irin uwa ce ke? 'Yarki na jini kina kallon bango? Ko sunanta ma ba ki sani ba ne?” Zulai ta sandare, hannuwanta a sake, hawaye na zuba, sai da na zo na karɓi yarinyar don kada ta faɗi.

Washegari Hajiya ta same ni a ofis. Bayan mun gaisa har mun tambayi lafiyar kaji, ta ce, “Malama, an tozarta mani suruka gaban jama'a, an koya mata rashin kunya gabana. Amma yanzu mulkin hwarar hula ne, ba za mu kore ta da ƙarhi ba. Ƙuri'a za a yi, sannan a kore ta.”

Na roƙi Tabita ta je ta ba da haƙuri. Ta ce, “Malama, in ba da haƙuri don na ce uwa ta ɗauki 'yarta?” Ni kuwa na san iyayen nan ɗaya bayan ɗaya, na san inda ƙuri'arsu za ta faɗa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ba na son rabuwa da Tabita, kuma a raina na ga kowacce na da gaskiyarta.

Sai na tuna da Barira, 'yar kawuna da ke Maraɗi, wadda ke shugabantar irin makarantata a can, ta daɗe tana cewa in zo in gani. Na shaida wa kwamiti cewa a zamanin farar hula ba a yanke babban hukunci sai an yi ziyarar gani da ido. Kalmar ta yi musu daɗi. Shugabar kwamiti dole ta je. Wakiliyar malamai kuma, ɗaya tana da tsohon ciki, ɗayar kuwa na tambayi mijinta ta hanyar da na san zai hana. Saura Tabita. Hajiya ta ce ba ta barin jikarta, kuma ba ta tafiya ba mai riƙe mata jaka, don haka Ummi da Zulai suka shigo lissafi. Ban san abin da za mu tarar a Maraɗi ba. Ni dai na san mutum biyu ba sa raba kujerar fijo su sauka yadda suka hau.

A tasha na riga kowa kama gidan gaba, na ce mota tana juya mini ciki. Hajiya ta dube ni kallon na-san-ki, amma ta shiga tsakiya, Tabita ta bi ta, Zulai ta maƙale a can baya tsakanin wata mai tabarmi da buhun barkono. Kafin direba ya tayar da mota Ummi ta haye cinyar Tabita ta yi zamanta. Hajiya ta yi rantsuwa ba za ta yi wa Tabita magana ba, don haka ni na zama waya. “Malama, ce ma wannan ta janye gwiwarta.” In juya in ce, “Anti, gwiwa.” Tabita ta ce, “Malama, ce wa Hajiya gwiwar mai buhu ce.” Haka muka yi har Jibiya, wuyana ya ƙage.

Direbanmu, Malam Ɗanjuma, ba ya shiru. Duk shingen da muka tsaya sai ya ce soja sun koma bariki amma sun manta da gangunansu a kan titi. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi a bayan Hajiya, da ya ji muryarta sai ya fara tsokana, ya ce su ne Katsinawan asali, mu gadin gida aka bar mu. Hajiya ta ce, “Mai gudu shi bar gida ai ba shi da bakin magana. Kun tahi kun mance hanyar dawowa, har kun koyo yaren Nasara.” Motar ta kwashe da dariya, har Tabita. Hajiya ta ji daɗin dariyar, sai da ta gane ta wace ce ta haɗe fuska.

A iyaka takardunmu lafiya lau suke, mun wuce ɓangarenmu ba gardama. A ɗaya ɓangaren wani jami'i siriri ya leƙo ta taga, sabon shiga aiki da alama, don har biron aljihunsa yana ƙyalli. Ya ga Ummi tana barci a jikin Tabita.

Ya ce, “Ɗiyarki ta?”

Tabita ta ce, “A'a, ni malamarta ce.”

“To ɗiyar wa?”

Hajiya ta ce, “Tawa ce.”

Ya dubi Hajiya, ya dubi yarinyar, ya yi lissafin da duk mai ido zai yi. Ya ce, “Hajiya, uwar da ta haihe ta nike tambaya.” Na nuna masa Zulai, na ce ga ta can, 'yar fari ce shi ya sa. Ya zagaya bayan mota ya tambaye ta. Zulai ta saci kallon ƙeyar surukarta, ta sunkuyar da kai, ta ce, “Ta Hajiya ce.”

Ya ce mu fito duka. Shi a aikinsa ba a koya masa 'yar fari ba. Ya ga yarinya a hannun wadda ba uwarta ba, tsohuwa na cewa tata ce, wadda aka ce ita ce uwar kuma ta musa. Sai uwa ta faɗa da bakinta, ta kuma faɗi sunan yarinyar. Muka tsaya cikin rana, fasinjoji na tsaki. Malam Ɗanjuma ya ce shi an sha tsare shi a kan man fetur, amma yau ce rana ta farko da aka tsare shi don ɓatan uwa. Na ga bakin Tabita na motsi, na mintsine ta.

Zafi ya tayar da Ummi. Ta ga masu kaki, ta tsorata, ta zame daga hannun Tabita. Ba ta je wajen kakarta ba, ba ta kuma rungume uwarta ba. Ta je ta tsaya a gefen Zulai, ta kama bakin gyalenta da yatsu biyu, tana kallon ƙasa. Wani babbansu mai furfura da ke shan shayi a rumfa ya taso, ya dube su, ya ce wa yaron nasa, “Bar su su tahi. Ɗiyar hwari ta. Ɓarauniyar ɗiya rungume ta za ta yi.”

Muna komawa mota Tabita ta matso kusa da kunnena ta ce, “Malama, kin ga hannunta?” Na gani. Duk tsayuwar nan, hannun Zulai na ƙarƙashin gyale ta baya, tana shafa ƙeyar yarinyar da ɗan yatsa ɗaya. Na ce, “Na gani. Rufe bakinki.” Abin mamaki, ta rufe.

Maraɗi gari ne da za ka rantse a unguwarku kake, sai ka ɗaga kai ka ga allon shago ka kasa karantawa. Su ma suna ta shirin nasu zaɓen, bango duk hotunan 'yan takara. Barira ta tarbe mu da fura, ta ce ta fi ta Katsina. Hajiya ta sha kwano guda, ta ce ba laifi, ga masu koyo. Ɗaki ɗaya aka ba mu mai gado biyu. Hajiya ta ɗauki ɗaya ita da jikarta, na ɗauki ɗayan saboda girman muƙami, Tabita da Zulai suka raba katifa a ƙasa, kowacce ta ba 'yar'uwarta baya.

Da safe aka kawo shayi da burodin ƙasar, dogo kamar taɓarya, bayansa tauri. Barira ta ce, “Hajiya, ku tsoma shi cikin shayi, haka muke yi nan gare mu.” Hajiya ta ce ita ta ci burodi a Makka, ba mai koya mata cin burodi a Maraɗi. Ta kama ta gatsa. Sai na ga ta tsaya da tauna, ta ja gyale ta rufe baki, ta ce sanyin safiya ya kama ta. Kafin gyalen ya rufe na hango abin da ya faru: haƙorinta na Makka ya tafi, sai ɗan baƙin guntu a gurbinsa. Ta riƙa lalube a tabarma da ƙafa, wai tana gyara zama. Ni kuwa na sa kofi a baki na daɗe ban sauke ba, don in na sauke asirina zai tonu.

Tabita ce ta kwashe kwanuka. Na ga ta ɗaga ragowar burodin Hajiya, ta tsaya. Tabitar da na sani ɗaga shi sama za ta yi ta tambayi mai shi. Sai ta dunƙule hannu, ta ɗauko buta, ta durƙusa gaban Hajiya kamar mai zuba ruwan wanke hannu, ta saki abin a tafinta ba tare da ta dube ta ba. Hajiya ta rufe hannu. Can ta ce ta cikin gyale, “Malama, ce ma wannan ruwan ya isa.” Yadda ta mayar da shi ban sani ba, amma da muka fito yana ƙyalli a inda yake.

Makarantar Barira ba ta fi tawa gini ba, sai dai ta fi tawa dabara. Mu muna cewa Anti, su Tanti suke cewa. Kowace Tanti tana tsayawa a ƙofa da safe, ta tsuguna ta ba yaro hannu, ta gaishe shi da sunansa, sannan ta miƙe ta gaida wanda ya kawo shi, ko da mai kabu-kabu ne. Iyaye kan shiga har cikin ɗaki su zauna a 'yan kujerun yara, gwiwoyinsu a haɓa, ba mai korarsu. Hajiya ta zagaya ɗakunan tana leƙa bayan ƙofa, na tambaye ta abin da take nema, ta ce bulala. Barira ta ce ba su da ita. Hajiya ta ce to Allah shi kyauta. Da rana ta take kuma gari duka ya tafi barci, makaranta da ofis da kanti, sai la'asar ta kusa a dawo. Wannan al'ada kam da za a sa ta a buhu da na yi fasa-ƙwaurinta.

Lokacin tashin yara da rana ne na lura da wata zana. A kusurwar fili take, ƙarƙashin bishiyar bedi, an kewaye wuri kamar na wanka. Wata Tanti na tsaye a bakinta ta juya mata baya, tana kallon fili. Na ga wata matashiya ta shigo ba ta kula kowa ba, ta wuce bayan zanar, can Tantin ta tura wani yaro ya bi ta. Na ɗauka makewayi ne. Amma da na ga an daɗe, halina na son sani ya motsa, na zagaya ta baya na sa ido a wata 'yar kafa.

Matar tana zaune a kan turmi, ta yar da gyale, ta ɗora yaron a cinya, tana sansanar wuyansa, tana tambayarsa me ya ci, wa ya taɓa shi, tana kiran sunansa kamar mai biyan bashin kira. Ban gama kallo ba na ji an ja zanena ta baya. Tantin ce, yarinya ƙarama da a haife na haife ta, ta ce, “Madam, ba a leƙe nan.” Shugabar makaranta guda, aka kore ni kamar akuya daga rumbu.

Barira ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da ta fara aiki ta lura 'ya'yan fari su ne masu cizo da kuka lokacin tashi, don suna ganin ana ɗaukar kowa ana cilla shi sama, su kuwa sai “wuce mu tahi.” Ta ce, “Ba ni iya hana kunya, ba ni kuma son hana ta. Sai munka ga ai ido take tsoro, munka kawar da ido. Doka guda ta: mai tsaro ba ta juyowa, ba ta ji, ba ta hwaɗi. Kuma ba mai shiga, ko kaka ta.” Hajiya na gefe tana jan carbi kamar ba ta ji ba. Tabita kuwa ta kafe zanar da ido.

Washegari, ranar komawarmu, Barira ta ce baƙuwar malama ta gwada tsaron zana. Ni kuma na ga dama ta samu, na ce a kai Hajiya ta duba madafa, don shugabar kwamiti ce ta san gishiri. Suna juya baya Tabita ta je wajen Zulai. Ban ji duka ba, na dai ga ta durƙusa, na ji ta ce, “Maman Ummi, na yi miki laifi a gaban mutane. Ki yafe mini.” Sannan ta kama hannun Ummi ta kai ta bayan zana, ta dawo ta tsaya, ta juya baya. Zulai ta daɗe tana duban hagu da dama. Can ta ajiye jakar Hajiya a ƙasa, ta shige.

Madafar Barira ƙarama ce, ban yi lissafin wannan ba. Sai ga Hajiya ta dawo, ta ga jakarta a yashe a ƙasa, ta ce, “Ina jikata?” Ta dubi zanar, ta nufe ta kai tsaye. Tabita ta buɗe hannuwa ta tare hanya.

Hajiya ta manta da ni, ta ce mata kai tsaye, “Kauce.”

“Ba a shiga, Hajiya.”

“Kin san hwa aikinki a hannuna yake.”

Tabita ta ce, “Na sani, Hajiya. Ku yi haƙuri, ba a shiga.” Ƙafarta ba ta motsa ba. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na kawo yarinyar mutane har wata ƙasa na ƙarasa ta.

Sai murya ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. “Hauwa'u. Hauwa'una. Nuna mani gwiwar, ta warke?” Sai dariyar Ummi, irin wadda ban taɓa ji ba a duk zamanta a makarantata. Hajiya ta tsaya jin sunanta a bakin surukarta. Ta juya ta koma, ta sunkuya ta ɗauki jakarta da kanta, ta fita bakin ƙofa.

Daga Maraɗi har Katsina ba ta yi magana ba, ko ta waya. A iyaka dattijon nan mai shayi ya ɗago mana hannu, ba ta amsa ba. Da muka sauka a tasha ta ce, “Malama, taro ran Asabar.” Tabita ta bi ni gida ta ce in fara neman wata malamar, ita ba ta yi nadama ba, sai dai za ta yi kewar yaran. Na ce ta yi shiru, amma ni ma ban ga mafita ba.

Duk da haka na aika Batagarawa aka kawo mini zana, na sa aka kafa ta a kusurwa bayan lilo. Iyayen da suka tambaya na ce ta awaki ce. Ran Asabar rumfa ta cika, an huda kwalin sabulu an ajiye a kan tebur don jefa ƙuri'a. Tabita na zaune can gefe da jakarta a cinya, ta riga ta kwashe kofinta da lemarta daga ofis.

Hajiya ta iso a makare. Ɗanta Alhaji Lawal, mijin Zulai, shi ya tuƙo ta, babban ɗan kasuwa mai furfura a gemu, wanda yaran kantinsa ke rawar jiki in ya yi tari. Ba ta zauna ba. Ta wuce kwalin ƙuri'a, ta je ta tsaya gaban zanar, ta taɓa ta, ta girgiza sandar. Sannan ta ce, “Ke Tabita, zo ki tsaya.”

Tabita ta ajiye jaka ta je ta tsaya. Hajiya ta yafito ɗanta ba tare da ta dube shi ba, ta ce, “Kai, zo ka duba mani sandar ga, kamar ta karkace.” Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya shiga yana neman sandar da ta karkace. Hajiya ta bi bayansa. Tabita ta juya musu baya ta fuskanci rumfa. Sai a lokacin na tuna Alhaji Lawal ɗan farin Hajiya ne.

Aka daɗe. Iyaye suka fara kallon juna. Sakataren kwamiti, wani mai gilashi daga GRA, ya tashi zai je ya ga ko lafiya, Tabita ta ɗaga masa hannu, ya dawo ya zauna.

Hajiya ce ta fara fitowa, tana gyara gyale, fuskarta a haɗe kamar kullum. Ta ce, “Malama, ɗauke kwalin ga ki maida sabulunki. In an kore ta, wa za shi tsaya?”

Sakatare ya ce, “Hajiya, ƙuri'ar fa?”

Ta ce, “Na kaɗa.”

Tabita ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da tafukanta. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na kama kwashe kujerun da mutane ba su gama tashi daga kai ba.

Alhaji Lawal ya fito daga baya, hularsa a hannu, idanunsa jajir. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon yara biyu da ke faɗa a kan lilo. Na yi kamar ban gan shi ba. Can ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, “Malama, ashe Hajiya ta san sunana.”